IDAN WUTA TA ƊAUKE BA TA DAWO BA, ME ZAI SAURA DAGA ABIN DA MUKA RUBUTA?



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau ya ɗan kauce wa layin da muka saba, kuma yana da tsawo. Ku daure ku kai ƙarshensa, domin akwai haƙƙin marayu a ciki.

Watan da ya wuce aka kira ni rabon gado a wani gida. Mamacin ɗan kasuwa ne, bai cika hamsin ba, Allah Ya jiƙansa. Kun san ba a taɓa gado sai an fitar da bashi da wasiyya. Na ce wa babban ɗansa ya kawo mana duk abin da mahaifinsa ya rubuta na lissafi. Yaron ya shiga ɗaki ya fito da baƙar leda cike da rasit irin na masu POS. Muka zazzage a kan tabarma. Wallahi fiye da rabinsu sun koma fari fat, ka ce ba a taɓa buga komai a jikinsu ba, alhali wasu ba su wuce shekara biyu ba. Sauran lissafin yana cikin waya, waya kuma tana da lambar sirri wadda mai ita ya tafi da ita kabari. Masu gyara suka ce za su iya buɗe ta, amma komai zai goge. Ga mutum biyu a zaure suna cewa suna bin mamaci bashi, ɗayansu ma ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Muna cikin haka sai maganar wata gona ta taso, wani dangi ya ce ta gidansu ce. Mahaifiyar mamacin, tsohuwa tukuf, ta sa aka jawo mata adaka daga ƙarƙashin gado. Ta ciro gafaka, ta zaro wata takarda da ta yi ja saboda tsufa. Ajami ne, da tawadar gargajiya: sunan mai sayarwa, sunan mai saye, iyakokin gonar, shaidu uku, da shekarar hijira. Takardar ta haura shekara saba'in. Na karanta ta tiryan-tiryan, ko harafi ɗaya bai ɓace ba. Maganar gona ta mutu a nan take. Maganar bashi kuwa har yau da nake wannan rubutu ba a gama ta ba, kuma zumunci ya fara tsami.

Na dawo gida ina ta juya abin a raina. Takardar kaka ta rayu shekara saba'in, rasit ɗin jika bai kai uku ba. Sai na faɗaɗa tambayar: a ce wannan wayewar tamu ta rushe kamar yadda waɗanda suka gabace ta suka rushe, wuta ta ɗauke ba ta dawo ba, ma'aikatu suka tsaya, me zai saura daga littattafanmu, hotunanmu, gine-ginenmu? Shekara nawa kowanne zai yi? Sanin gaibu sai Allah, kuma ba hasashen tashin duniya nake yi ba. Kwatance ne irin wanda malaman fiƙihu suke yi don a gane asalin mas'ala.

NA FARKO: ABIN DA YA FI SABUNTA SHI YAKE RIGA MUTUWA

Yawancinmu muna jin cewa duk abin da muka ɗora a intanet ya zauna ke nan. Gaskiyar magana, abin da ake kira ajiyar gajimare ba a sama yake ba. Wasu manya-manyan gidaje ne cike da kwamfutoci a ƙasashen wasu, suna shan lantarki dare da rana, ana hura musu sanyi, ma'aikata suna canza duk faifan da ya mutu. In wuta ta ɗauke suna da janareto, janareto kuma iyakarsa man da ke tankinsa. Ranar da aka daina kawo mai, cikin kwanaki kaɗan ƙofar ta rufe. Bayanan suna nan a jikin faifan na wani lokaci, amma kai da kake Kano ko Damagaram ba ka da hanyar isa gare su.

Sai memorin waya da filashin da muke rataye da makulli. Yadda suke riƙe bayani shi ne su killace ɗan cajin lantarki a cikin wasu ɗakuna ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Wannan cajin yana yoyo a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Ƙa'idar da masana'antu suka yarda da ita ga irin wannan ma'ajiya ta kwamfutar gida ita ce: idan ta sha aiki har ta kai ƙarshen ƙarfinta, ta iya riƙe bayani shekara 1 ba wuta, a zafin digiri 30. Sabuwa takan wuce haka nesa, amma ka tuna mu a nan watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Faifan ajiya mai juyawa na cikin kwamfuta kuwa yana da mota da allura, in ya daɗe a ajiye sai su maƙale. Kaset, mai maganaɗisu, ana ba shi shekara 10 zuwa 30, daga nan zaren ya fara danƙo. Faifan CD da ake kwafa a shago, wani rini ne a jikinsa yake riƙe bayanin, rana da danshi suna cinye shi.

Kada ka ce ai sai duniya ta rushe. Ana cikin zaman lafiya ma abin yana faruwa. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta fitar da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan intanet da suke nan a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙi kimanin miliyan 50 da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015, wajen sauya ma'ajiya. Hukumar NASA, da duk ƙwarewarta, ta bayyana a 2009 cewa mafi rinjayen zato an goge asalin kasakasan da suka ɗauki saukar mutum a duniyar wata a 1969, an sake ɗaukar wani abu a kansu.

Misalin da ya fi ba ni mamaki daga Ingila yake. A shekarar 1086 sarkinsu ya sa aka ƙidaya filaye da dukiyar ƙasar, aka rubuta a kan fata. A 1986, don cikar littafin shekara 900, BBC ta shirya irinsa na zamani, mutane wajen miliyan guda suka sa hannu, yawancinsu 'yan makaranta, aka zuba a wasu manyan faya-fayai masu aiki da haske. Kafin a yi shekara 20, na'urar da ke karanta su ta kusa ƙarewa a duniya, sai da masana suka yi aikin ceto na musamman. Na fatar kuwa yana nan a gidan adana takardun ƙasar, duk wanda ya iya harshen zai buɗe ya karanta. Ka ga da tsohuwar zuma ake magani.

NA BIYU: TAKARDA SUNA TA TARA

Rasit ɗin da ya ba mu kunya a zauren nan ba shi da tawada ko ɗigo. Wani sinadari ne aka shafa wa takardar, zafin na'ura ya mai da shi baƙi. Shi ya sa rana, zafin aljihu, ko maiƙon hannu suke shafe shi cikin watanni ko 'yan shekaru.

Jarida da littattafai masu arha su ne na gaba. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 aka koma yin takarda da niƙaƙƙen itace, kuma akwai tsami a cikinta wanda yake cin ta daga ciki. Wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin firamare na mahaifinsa ya ga yadda gefen yake karyewa kamar busasshen ganye. Shekaru gommai ne rabonta. Takardar mutanen da kuwa da tsumman auduga da lilin ake yin ta. Ita ce irin wadda Musulmi suka yi fice da ita a Samarƙandi, sannan a Bagadaza tun ƙarshen ƙarni na 8 na miladiyya. In ta sami wuri busasshe tana yin ɗaruruwan shekaru, har ta haura dubu.

Fata ta fi ta. A 2015 Jami'ar Birmingham ta sanar cewa wasu warƙoƙi biyu na Alƙur'ani da ke ɗakin karatunta, da aka auna shekarun fatar, ta faɗo tsakanin 568 da 645 miladiyya. A San'a ta Yaman, a 1972, masu gyaran babban masallaci suka tarar da tarin tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani a tsakanin rufi da silin. Busasshiyar iska da duhu suka tsare su.

Sama da fata akwai yumɓu. Nainawa, kusa da Mausil ta Iraƙi, garin da ake danganta shi da mutanen Annabi Yunusa (AS), an ƙone shi a shekara ta 612 kafin miladiyya. Sarkinsu Ashurbanifal yana da ɗakin karatu na allunan yumɓu. Wutar da ta cinye fadar sai ta gasa da yawa daga allunan suka ƙara tauri. Yau akwai sama da 30,000 na alluna da gutsattsarinsu a gidan tarihi na Landan. Subhanallah, wutar da za ta mai da ɗakin karatunmu toka, su nasu ƙarfi ta ƙara masa.

Abokan gabar takarda a ƙasarmu sanannu ne: gara, ɗigar rufi, ɓera, gobara, da magajin da bai san darajar abin da ya gada ba. Dubi Tumbuktu. A watan Janairun 2013 masu ɗauke da makamai suka ƙone ko suka kwashe rubuce-rubuce kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba. Kafin nan, Abdulƙadir Haidara da iyalan garin sun riga sun fitar da dubban ɗaruruwa a ɓoye, cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta kwalekwale, zuwa Bamako. Da suka tsira daga wuta sai ga wani sabon maƙiyi: danshin Bamako, wanda littattafan da suka saba da iskar sahara ba su san shi ba.

NA UKU: GINE-GINE

Ina ɗalibi a Alƙahira na je Giza fiye da sau ɗaya. Babbar dalar nan ta kai shekara 4,500 a tsaye. Asalin tsayinta mita 146, kuma ta yi kusan shekara 3,800 babu ginin da ya kai ta a duniya. Sirrinta ba wani abu ba ne: dutse ne a kan dutse, faɗi a ƙasa, tsini a sama, a ƙasar da ba ruwan sama sosai. Babu abin da zai yi tsatsa a cikinta.

Benayenmu kuwa kankare ne da rodi. Rodin shi ne ƙarfinsu, shi ne kuma ajalinsu. Ruwa yana bin 'yar tsaga ya isa ga ƙarfen, ƙarfe ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. To a nan ruwa ne ƙadangaren. Injiniyoyi da kansu suna tsara yawancin irin waɗannan gine-gine a kan shekara 50 zuwa 100, tare da gyara. A birnin Rum kuwa akwai wata ƙubba ta kankare marar rodi, Fantiyon, ta kusa shekara 1,900 tana tsaye.

Mun ma ga gwaji da idonmu. Garin Firifiyat a Yukiren, mai mutane kusan 50,000, an kwashe shi a 1986 bayan fashewar tashar nukiliya ta Carnobil. Ba a cika shekara 40 ba itatuwa suka tsiro a filin ƙwallo da kan rufin benaye, wasu gine-ginen suka fara ruftawa. Hanyoyin jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Niyok kuwa, famfuna ne suke zuƙe miliyoyin galan na ruwa daga cikinsu kullum. Su tsaya, cikin kwanaki ramukan su cika.

Mu ma muna da namu kufan. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Surame ta Kanta, wadda aka gina a ƙarni na 16, yau ragowar ganuwa ce a daji. Ganuwar Kano da aka faro zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 da suka wuce, kowa yana ganin yadda ruwa da masu ɗibar ƙasa da masu gini suke cin ta.

NA HUƊU: ABIN DA ZAI FI DAƊEWA SHI NE ABIN DA MUKA RAINA

In aka yi shekara dubu biyu ko biyar, mai tono ya zo inda garuruwanmu suke, me zai samu? Kwalabe. Fasassun kwanukan tangaran da tayil na banɗaki. Cokulan ƙarfe marasa tsatsa. Tagulla. Zinare, domin shi ba ya tsatsa. Na ga fuskar zinaren Tutankamun a gidan tarihin Alƙahira, ta haura shekara 3,300 tana ƙyalli kamar jiya aka ƙera. Zai sami gutsattsarin roba da leda a cikin laka. Zai sami ƙasusuwan kaji ba iyaka, don a kowane lokaci akwai kaji sama da biliyan 20 a duniya. Zai kuma sami wani siririn layi na ƙurar nukiliya a cikin ƙasa, daga gwaje-gwajen bama-baman da aka yi a shekarun 1950 zuwa farkon 1960. Wato juji ne zai ba da labarinmu.

Mafi nisan kwana kuma suna can inda babu iska babu ruwa. Sawun ƙafar da aka bari a duniyar wata yana nan yadda yake. Taurarin ɗan'adam da ke nesa, wajen kilomita 36,000 daga ƙasa, za su daɗe ƙwarai suna kewayawa bayan sun mutu, alhali na kusa suna faɗowa cikin shekaru. A 1977 aka harba kumbo biyu masu suna Voyager, kowanne da faifan jan ƙarfe mai ruwan zinare, ɗauke da gaisuwa cikin harsuna 55, har da Larabci. Ana sa ran faifan zai yi miliyoyin shekaru masu yawa. Sai dai wa zai saurara?

NA BIYAR: ABU YA TSIRA DABAN, A IYA KARANTA SHI DABAN

Nan ne tsakiyar darasin. Rubutun Fir'aunoni yana jikin dutse, bai goge ba. Amma rubutu na ƙarshe da aka sani an yi da shi an sassaƙa shi ne a shekarar 394 miladiyya. Daga nan masu karanta shi suka ƙare. Mutanen Masar suka yi shekara wajen 1,400 suna wucewa ta gaban bangayen nan cike da rubutu, ba wanda ya san me suke cewa. Sai da aka tsinci dutsen Rashid a 1799, mai ɗauke da magana ɗaya cikin rubutu iri uku, sannan wani Bafaranshe, Shamfoliyon, ya warware shi a 1822.

A ƙasarmu, mutanen Nok sun bar mutum-mutumin gasasshen yumɓu da suka haura shekara 2,000. Ba su bar rubutu ba, don haka ko sunan da suke kiran kansu ba mu da shi. Sunan ƙauyen da aka fara tono kayan muka laƙa musu. A Dufuna ta jihar Yobe, a 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale mai kimanin shekara 8,000. Itacen ya tsira, labarin mai shi bai tsira ba.

To ina ga memori? Rubutun kan dutse aƙalla ido yana ganinsa. Wanda ya tsinci memori bayan shekara ɗari biyar, ɗan baƙin abu ne kamar farce. Kafin ya ga hoto ɗaya yana buƙatar lantarki, da na'urar da ta dace, da manhajar da ta san tsarin, da lambar sirri. Ɗaya ta ɓace, duka sun ɓace.

Masana sun san da wannan matsala. A tsibirin Sibalbad na ƙasar Nowe, can kusa da ƙarshen arewacin duniya, an buɗe wata ma'ajiya a cikin tsohon ramin kwal a 2017, ana zuba bayanai a kan fim na musamman. A 2020 kamfanin GitHub ya kai faifan fim 186 da niyyar su yi shekara 1,000. A Ostiriya ana gasa rubutu a jikin allunan tangaran ana ajiyewa a ramin gishiri. Ka lura, bayan duk ci gaban nan an dawo kan dabarar mutanen Nainawa. A Finlan kuma sun haƙa rami mai zurfin sama da mita 400 don binne sharar nukiliya da ake son ta zauna shekara 100,000. Da wane harshe za a rubuta gargaɗi ga mutanen wancan lokaci, alhali rubutu kansa bai fi shekara 5,000 da 'yan kai ba a duniya?

NA SHIDA: TO ME YAKE TSARE ILIMI?

Mutane. Masu kwafa, masu haddacewa, masu koyarwa.

Duba masallacin Jenne a Mali. Ginin ƙasa ne, na yanzu an yi shi a 1907, kuma kowace shekara mutanen gari suna fitowa gaba ɗaya su yi masa yaɓe. Hasumiyar masallacin Agadas ma ta ƙasa ce, an fara gina ta wajen 1515, aka sabunta a 1844, tana nan tsaye. Ƙasar da ake raina ta ta wuce kankaren da aka yi watsi da shi, saboda akwai hannun da yake komawa kanta.

Haka littafi. Ibnun Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza, ya tsara Al-Fihrist a shekara ta 377 bayan hijira, ya jero sunayen dubban littattafan da aka sani a zamaninsa. Mafi yawansu yau sai suna. Mutane suna ɗora laifin a kan Tattar da suka rusa Bagadaza a 1258, kuma lallai sun yi ɓarna. Amma littattafai da yawa babu wanda ya ƙone su. Daina kwafarsu aka yi, gara da danshi suka ƙarasa aikin. Imamul Auza'i, wanda ya rasu a 157, yana da mazhaba da aka bi a Sham da Andalus. Imam Laisu ɗan Sa'ad na Masar, wanda ya rasu a 175, an ruwaito Imamu Shafi'i yana fifita fiƙihunsa, yana kuma nuna cewa ɗalibansa ne ba su ɗauki nauyinsa ba. Ina mazhabobinsu yau? Ilimin bai gaza ba, masu ɗauka ne suka yanke.

Sahihul Bukhari kuwa ya iso gare mu ne ta hannu zuwa hannu. A ƙarni na bakwai na hijira, a Dimashƙa, Hafiz Yunini ya tara ruwayoyinsa ya gwama su harafi da harafi, Ibnu Malik mai Alfiyya yana zaune a majalisin. A kan wannan aiki aka dogara wajen bugun Bulaƙ da Sarkin Musulmi Abdulhamid na biyu ya yi umarni da shi wajen 1311 bayan hijira.

Alƙur'ani mai girma, Allah da kanSa Ya ɗauki alƙawarin tsare shi, kamar yadda ya zo a Suratul Hijri. Amma ku dubi sababin da Ya gudanar. Bayan yaƙin Yamama, da mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Umar ya ba Sayyidina Abubakar shawara, aka sa Zaidu ɗan Sabit ya tattara shi. Sayyidina Usman ya sa aka yi kwafi da dama aka rarraba a birane. Ƙirji da takarda tare, kuma a wurare daban-daban. Har yau a tsangayunmu akwai alarammomin da za su zauna su rubuta shi da ka tun daga farko har ƙarshe. A ce wuta ta ɗauke a duniya baki ɗaya, su babu abin da ya ɗauke musu.

NA BAKWAI: ABIN DA NAKE ROƘON KOWA YA YI A WANNAN MAKON

1. Bashi, ajiyar amana, jinginar gona, cinikin fili, wasiyya: a rubuta a takarda mai kyau da biro, a sa kwanan wata da shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. A yi kwafi biyu ko uku, kada su kwana a gida ɗaya.

2. Duk rasit mai muhimmanci, a yi masa fotokwafi tun yana sabo, a haɗa su wuri guda.

3. Lambar sirrin waya da bayanin asusun banki, rubuta ka rufe a ambulan, ka ba wanda ka amince da addininsa, ka gaya wa iyalinka wurin wa yake. Ɓoye wa kowa ba wayo ba ne, wahalar da marayu ne.

4. Wanda yake da kasakasan tafsiri ko karatun malaman da suka rasu, ya mai da su cikin kwamfuta tun zaren bai manne ba. A raba wa mutane da yawa, a sake kwafa duk bayan 'yan shekaru. Mafi kyau a sami ɗalibai su rubuta karatun a buga shi littafi.

5. Littattafan kakanni: kada a naɗe su a leda, tana tara gumi. Kada a manna musu salatif, kada a kai a rufe su da roba mai zafi. A ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da bango, a duba su kafin damina da bayanta, a ɗauki hoton kowane shafi. Wanda ba zai iya kula da su ba ya nemi shawarar wurare irin su Gidan Arewa a Kaduna ko gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato.

6. A koya wa yara ajami da Larabci. A zauren nan akwai masu digiri uku, babu wanda ya iya karanta takardar kakansa. Da ba a sami mai karantawa ba, da gonar marayu ta tafi, takarda tana hannunsu.

Abu na ƙarshe. Kada wani ya karanta wannan ya ce, tunda komai na intanet mai gogewa ne, bari in rubuta abin da na ga dama. Sau da yawa abin da kake so ya zauna shi yake ɓacewa, wanda kake so ya ɓace kuma wani ya riga ya ɗauki hotonsa ya ajiye. Ko da kamfanin ya rufe, faifan ya mutu, akwai littafin da mala'iku suke rubutawa, kuma shi gara ba ta cinsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Shi wancan gida da na ba ku labari, mun sa ranar sake zama bayan sallar Juma'a mai zuwa. Ku taya mu addu'a Allah Ya daidaita tsakaninsu, Ya sauke wa mamacin nauyin da ke kansa. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon gyara namu tun muna da numfashi, Ya sa mu bar abin da zai amfane mu bayan an mai da ƙasa.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum warahmatullah.